Bayan An Sa Bututun Ruwan Ƙwaƙwalwa: Matsalolin da Kan Taso wa Yara Daga Baya

Ranar da aka sallami jaririn da aka yi wa tiyatar ruwan ƙwaƙwalwa rana ce ta murna ga iyayensa, kuma sun cancanci murnar. Sun zo asibiti da yaro wanda kansa ke ta girma fiye da ƙima, maɗigarsa ta kumbura, jijiyoyin goshinsa sun yi ruɗu-ruɗu, ƙwayar idonsa ta faɗa ƙasa har fari ya fito daga sama. Ga shi yanzu za su koma gida da yaro mai kama nono, mai wasa, kai ya daina ƙaruwa. A ganinsu magana ta ƙare. A wurin likitan da ya yi aikin kuwa, yanzu aka fara. Abin da aka sa a jikin yaron kayan aiki ne na roba, wanda ake so ya yi ta aiki dare da rana har iyakar ran mai shi, kuma ba a taɓa ƙera famfo ko tiyon da zai shekara sittin bai tsaya ba.

Ruwan da hanyarsa

A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai ɗakuna huɗu masu haɗe da juna. A cikinsu akwai wani tattausan nama mai geza, cike da ƙananan jijiyoyin jini, wanda ke tsatso ruwa garai-garai ba dare ba rana. A jikin baligi ana samun kimanin rabin lita a kowace rana, alhali duk abin da ɗakunan da kewayen ƙwaƙwalwa da laka ke riƙewa a lokaci guda bai wuce mililita 150 ba. Watau ruwan yana sabuntuwa wajen sau uku a kwana ɗaya. Yana bi ta ƙananan mashigai daga ɗaki zuwa ɗaki, ya fito ya kewaye ƙwaƙwalwa da laka, sa'an nan jini ya shanye shi. Idan mashigi ya toshe, ko wurin shanyewar ya lalace, gezar ba ta da labari. Tana nan tana tsatsowa. Sai ɗakunan su cika su buɗe, su danne ƙwaƙwalwa. Dalilan suna da yawa: akan haifi wani da mashigi a tsuke, ko da buɗaɗɗen ƙashin baya, bakwaini kan yi zubar jini a cikin ɗakunan, ƙari kan tsiro ya tare hanya, sanƙarau da sauran cututtukan jarirai kan bar tabo inda ruwa ke wucewa.

Bututun da ake sawa, wanda likitoci ke kira shant, gaɓa uku gare shi. Ta farko gajeriyar roba ce mai ƙananan huji a bakinta, ana shigar da ita cikin ɗakin ƙwaƙwalwa ta wata ƙaramar ƙofa da aka huda a ƙoƙon kai. Ta biyu bawul ne, yawanci a bayan kunne, ƙarƙashin fata, wanda ke barin ruwa ya fita amma ya hana shi komawa. Ta uku doguwar roba ce mai bi ta ƙarƙashin fatar wuya da ƙirji har ta faɗa kogon ciki, inda tantanin da ke lulluɓe da hanji zai shanye ruwan.

Wani abin lura a tarihin wannan na'ura shi ne iyaye maza biyu, waɗanda ba likitoci ba, sun taka rawa a cikinsa. A 1955 aka haifa wa John Holter, wani ma'aikacin injuna a birnin Filadelfiya ta Amurka, ɗa mai wannan cuta. Da ya ga bawul ɗin da ake da shi ba ya biyan bukata, sai ya zauna ya ƙera nasa da robar silikon, tare da likita Eugene Spitz, aka fara sa wa yara a 1956. Ɗan nasa ya rasu yana ƙarami, amma dubban yara sun rayu da abin da uban ya ƙera. Na biyun shi ne marubucin nan Roald Dahl. A 1960 wata tasi ta buge keken jaririnsa a birnin New York, ruwa ya taru a kan yaron, aka sa masa bututu, bututun ya yi ta toshewa ana komawa tiyata. Takaicin haka ya sa Dahl ya haɗa kai da injiniya Stanley Wade da likita Kenneth Till na Landan, suka fito da sabon bawul a 1962. Ke nan tun daga shekarun farko an san ainihin aibin abin: yana ceton rai, kuma yana tsayawa.

Nawa ne ke tsayawa? A 1998 aka buga sakamakon wani babban gwaji da aka yi wa yara 344 a asibitocin Arewacin Amurka da Turai, inda aka gwada bawul iri uku. Bayan shekara ɗaya, kashi 61 cikin ɗari ne kawai bututunsu na farko ke aiki ba a sake taɓa shi ba. Bayan shekara biyu saura kashi 47. Kuma babu irin da ya fi wani a cikin ukun. Wannan fa a manyan asibitocin ƙasashe masu wadata. Bayan shekara biyu haɗarin yana raguwa ƙwarai, amma ba ya ƙarewa, kuma a nan ne iyaye kan saki jiki.

Toshewa, da yadda alamunta ke sauya kama

Abin da ya fi faruwa shi ne toshewa, kuma yawanci a bakin da ke cikin ƙwaƙwalwa. Ruwan da ke kwarara cikin hujin yakan janyo gezar nan a hankali, ta manne, ta shiga ciki ta yi tsiro har ta cike hujin. Wani lokaci ɗigon jini ko guntun nama ne ke maƙalewa a bawul. A ƙasa kuma kitsen da ke lulluɓe da hanji kan naɗe bakin robar.

Wurin da ya kamata a tsaya a yi nazari shi ne bambancin jariri da babban yaro. Iyaye sun san cutar da fuska ɗaya, watau girman kai. Jariri ƙasusuwan kansa ba su haɗe ba, maɗigarsa a buɗe take, don haka in ruwa ya taru kai sai ya buɗe ya ba shi wuri, cutar ta yi ta tafiya makonni ko watanni. Amma maɗiga kan rufe wajen wata 18, ƙoƙon kai ya zama akwati marar miƙewa. Yaro mai shekara bakwai in bututunsa ya toshe kansa ba zai ƙaru ko kaɗan ba. Ruwan da ake tsatsowa, wajen mililita 20 a kowace sa'a in yaro ya tasa, ba shi da wurin zuwa sai ya matse ƙwaƙwalwa. Sai a ga ciwon kai, musamman da asuba, da amai, da kasala, da yawan barci. Idan barcin ya yi nauyi har ana tashinsa da ƙyar, to, sa'o'i ake ƙirgawa, ba kwanaki ba. Wanda jikinsa ya dogara ga bututu ɗungurungum yana iya kwantawa da ciwon kai da dare, a wayi gari babu shi.

Duk wanda ya san ƙasar Hausa ya ga inda haɗarin yake. Ciwon kai da amai da kasala a jikin yaro, musamman da damina, sunansu ɗaya a bakin kowa: zazzaɓin cizon sauro. Sai a je kemis a sayo magani, a jira kwana biyu a ga ko zai faɗa. Har gwajin jini ma yana iya ɓad da hankali, domin a inda cutar ta yi katutu yara da yawa na ɗauke da ƙwayoyinta a jini ba tare da ita ce ke damunsu a ranar ba. In da bazara ne kuma a ce sanƙarau, in yaron ya yi fizge-fizge a ce iska. Ƙa'idar likitocin ƙwaƙwalwa a nan gajeriya ce: yaro mai bututu in ya zo da ciwon kai da amai da barci, a ɗauka bututun ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. Haka kuma latsa bawul da yatsa, da wasu kan yi don su ji ko yana aiki, ba shaida ce abar dogaro ba, kuma yawan latsawar na iya jawo illa.

Akwai kuma toshewar da ba ta zuwa da hayaniya. Bututun na aiki rabi-rabi, matsin na hawa a hankali watanni. Yaron da ke cikin na gaba a aji sai ya fara komawa baya, rubutunsa ya lalace, ya zama mai saurin fushi, tafiyarsa ta canja, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina. Wani idonsa ya karkace, ya riƙa ganin abu ɗaya biyu. Mafi muni, matsin kan kumbura jijiyar gani a bayan ido, in aka daɗe ta bushe, kuma jijiyar da ta bushe ba ta farfaɗowa ko an gyara bututun. Malamin makaranta sau da yawa shi ne zai riga kowa ganin waɗannan, in ya san abin da yake gani. In bai sani ba sai ya kira shi lalaci ya ɗauko bulala.

Yaro na girma, roba ba ta girma

Tazarar da ke tsakanin kunne da cibiyar jariri ba ta kai rabin ta saurayi ba. Likitoci kan bar rarar roba a naɗe cikin ciki don ta yi ta warwarewa yayin da yaro ke tsawo, amma wani lokaci rarar kan ƙare, bakin robar ya zare daga kogon ciki ya koma ƙarƙashin fata, inda babu abin da zai shanye ruwa. Wannan ya fi aukuwa a shekarun balaga, sa'ad da yaro kan yi tsawo farat ɗaya.

Ita kanta robar tana tsufa. Jiki kan kewaye ta da tabo, da shekaru kuma wani farin dutse irin na ƙashi ya taru a bayanta, kamar yadda bututun ruwa kan yi ɓawo. Sai ta bushe ta manne da nama, ta daina zamewa in yaro ya juya. Wuya ne gaɓar da ta fi motsi, don haka a nan ko wajen ƙashin kafaɗa ta fi karyewa, ko kuma ta cire daga mahaɗinta da bawul. Abin da ke ruɗarwa shi ne tabon da ya kewaye ta ya riga ya zama kamar kwararo, ruwa na iya ci gaba da bi ta cikinsa watanni bayan karyewar. Akan ɗauki hoton ƙashi don wani dalili daban a tarar da roba a karye, yaro kuwa garau. Kuskure ne babba a yanke cewa ya daina bukatarta; kwararon nama na iya rufewa kowace rana.

Idan ruwa ya fita fiye da kima

Duk wanda ya taɓa ganin direba na zuƙo mai daga tanki da tiyo ya san sirrin: da zarar bakin tiyo ya yi ƙasa da tanki, mai zai yi ta zuba da kansa. Haka bututun nan yake. Jariri a kwance yake yini, kansa da cikinsa a layi ɗaya. Da ya fara zama da tafiya, kai ya koma sama, ciki ya koma ƙasa, nauyin ruwan da ke cikin doguwar robar sai ya riƙa janyo na cikin ƙwaƙwalwa. Bawul da aka tsara ya buɗe da matsin ruwa mai tsayin santimita 10 ba zai iya ja da zuƙar santimita 40 ba. Tun 1973 aka fito da wata 'yar na'ura da ake haɗawa da bawul don rage wannan zuƙa, daga baya aka yi bawul da likita ke iya ƙara ko rage ƙarfinsa daga waje da maganaɗisu. Sun taimaka, amma ba su kashe matsalar ba. Shi mai maganaɗisun ma yana da nasa sharaɗi, domin na'urar hoto ta MRI na iya juya saitin wasu irinsa, dole a duba bayan kowane hoto.

Ciwon kan da yawan zuƙa ke kawowa kishiyar na toshewa ne: yana tasowa in yaro ya daɗe a tsaye, yana lafawa in ya kwanta. Idan aka shekara da shekaru a haka, ɗakunan ƙwaƙwalwa kan tsuke su zama kamar tsaga, bangonsu ya rufe hujin robar, matsi ya hau, ɗaki ya ɗan buɗe, ruwa ya wuce, a sake komawa. Yaron sai ya riƙa samun matsanancin ciwon kai mai zuwa yana tafiya. Wahalar likita a nan ita ce hoto ba ya nuna ɗakuna a kumbure ko da bututun ya tsaya cik, wanda bai saba ba sai ya ce lafiya lau, ya sallame su. Har ila yau ƙwaƙwalwar da aka zuƙe kan janye daga ƙoƙon kai, ƙananan jijiyoyin da ke tsakani su miƙe, ɗan bugu kaɗan a filin ƙwallo ya tsinka su jini ya taru. A ƙananan yara kuwa ƙasusuwan kai kan haɗe tun lokaci bai yi ba, kai ya tsaya ƙarami.

Abin da ke faruwa a ciki

Ƙwayoyin cuta sun fi shiga bututu a ranar tiyata, daga fatar yaron kansa, kuma akasari suna bayyana cikin watanni shida na farko. Wani gwaji da aka yi a Birtaniya da Ayalan, aka buga a 2019, ya nuna robar da aka jiƙa da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta rage wannan daga kashi 6 zuwa kashi 2 cikin ɗari. Cutar da ta zo bayan shekaru kuwa yawanci daga ciki take hawowa, alal misali in afendis ya fashe, ko in fatar da ke kan bawul ta sale roba ta fito fili. Ƙwayoyin kan yi wa kansu wani yauƙi a jikin roba wanda magani ba ya ratsawa, shi ya sa allura kaɗai ba ta isa. Galibi sai an cire bututun duka, an zuƙe ruwan ta waje kwanaki, sa'an nan a sa sabo.

Wani lokaci tantanin ciki kan kewaye bakin robar ya yi jaka, ruwa ya taru a cikinta, cikin yaro ya kumbura kamar mai ƙari. A yara maza, hanyar da maraina suka bi suka sauko takan kasance ba ta gama rufewa ba, sai ruwa ya bi ta nan ya zama gwaiwa ko ƙaba, har robar kanta ta gangara can. Abin da ya fi firgita iyaye, ko da yake ba kasafai yake faruwa ba, shi ne bakin robar ya huda hanji a hankali ba tare da ciwo ba, wata rana uwa ta ga farin abu ya leƙo ta duburar yaro. Sau da yawa akan ɗauka tsutsar ciki ce. Kada a ja, kada a mayar. Wannan roba ɗaya bakinta na cikin ƙwaƙwalwa, kuma ƙazantar hanji ta samu hanyar hawa.

Kafin shekarun 1970 zuwa zuciya aka fi kai robar, ta jijiyar wuya, kuma har yanzu akan yi haka in ciki ya ƙi karɓa. Wannan hanya tana da nata matsalolin na daga baya: ƙwayoyin cuta na zama a roba suna zuba cikin jini shekaru har su lalata ƙoda, abin da aka fara bayyanawa a 1965, ko kuma ƙananan gudajin jini su yi ta tafiya huhu har zuciya ta gaji.

Nisa

A Landan bututu in ya toshe da tsakar dare, kafin gari ya waye an gyara. Ga yaron da ke ƙauye mai nisan yini guda daga likitan ƙwaƙwalwa, wannan toshewar ita ce ajali. Wannan lissafi ne ya sa Benjamin Warf, likitan Amurka da ya tafi Uganda a 2000 ya jagoranci asibitin yara na CURE a garin Mbale, ya sake duban al'amarin. Ya tarar wajen kashi 60 cikin ɗari na jariran da ake kawo masa cutar ta biyo bayan wata ƙwayar cuta ce da suka kamu da ita a farkon rayuwa. Ya gwada bututun Chhabra na Indiya, mai kimanin dala 35, da wani na Amurka mai dala 650, a 2005 ya ba da rahoton cewa bai ga bambanci a sakamakonsu ba. Tsada ba ta sayen kwanciyar hankali a wannan fage.

Sa'an nan ya koma ga wata tsohuwar dabara da William Mixter ya fara gwadawa a 1923: a shiga da siririyar na'ura mai fitila, a huda ƙasan ɗaki na uku, ruwa ya samu sabuwar hanya a cikin kai ba tare da roba ba. Warf ya haɗa wannan da ƙone gezar da ke tsatso ruwan. A 2017 aka buga gwajin jarirai 100 a Uganda, wasu aka yi musu wannan, wasu aka sa musu bututu, bayan shekara ɗaya ba a ga bambanci na a zo a gani a bunƙasar hankalinsu ba. Fa'idar hujin ita ce in zai gaza yakan gaza da wuri, cikin watannin farko da ake sa ido. Amma ba kowane yaro ya dace da shi ba, kuma shi ma an sha ganin ya rufe bayan shekaru, yaro ya mutu farat ɗaya domin iyaye sun ɗauka tun da babu roba babu sauran haɗari.

A Nijeriya, Farfesa Latunde Odeku ne ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa na farko a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 1962. Yau ana yin wannan tiyata a asibitocin koyarwa na Sakkwato da Kano da Zariya da wasu biranen, amma likitocin fannin kaɗan ne bisa yawan jama'a, kuma a manyan birane suke. Yaron da aka sa wa bututu yana wata huɗu zai shiga firamare, ya tafi makarantar kwana, a yi wa ubansa canjin wurin aiki zuwa wata jiha, ya girma ya wuce asibitin yara, likitan da ya yi aikin ya yi ritaya. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai labarin bututun na iya ɓacewa. Don haka likitoci ke so kowane mai bututu ya riƙe takarda mai nuna ranar tiyata, da irin bawul, da saitinsa, da inda robar ta ƙare, kuma shugaban makaranta da ma'aikacin ɗakin shan magani su san da ita. Tare da takardar a adana hoton ƙwaƙwalwar da aka ɗauka sa'ad da yaron ke lafiya, domin girman ɗakuna ya bambanta daga yaro zuwa yaro, kuma likitan da bai taɓa ganinsa ba, in aka kawo masa shi da dare yana amai, da wannan tsohon hoton ne zai auna sabon.